A Auna Goro Da Goro: Kurakurai Biyu Da Ke Kayar Da 'Ya'yanmu A Turanci

Duk shekara idan sakamakon jarrabawar WASSCE ya fito, akwai gidaje a Nima da Mamobi da Aboabo inda murna ba ta cika. Yaro ya ci lissafi, ya ci kimiyya, amma Turanci ya ba shi D7. Jami'o'in ƙasar nan kuwa suna neman aƙalla C6 a Turanci kafin su duba takardar mutum. Sai iyaye su sake neman kuɗin rajista, yaro ya jira jarrabawar masu zaman kansu wadda kowa ya sani da Nov/Dec. Shekara guda ke nan ta tafi.

Abin mamaki shi ne yaran zango ba kurame ba ne wajen harshe. Yaro yana Hausa a gida, yana Twi ko Ga a kasuwa, yana broka da abokansa, kuma idan ya buɗe baki da Turanci kowa ya gane abin da yake nufi. To, a nan matsalar take. Mai sauraro yakan cike maka giɓin da ka bari a magana, amma mai duba takarda ba ya cikewa. Masu ba da maki a rubutun insha'i na hukumar WAEC suna duba abubuwa huɗu: abin da ka faɗa, yadda ka tsara shi, yadda ka gina jimlolinka, da tsabtar rubutu. Ginin jimla shi ke da kaso mafi tsoka.

Waɗanda suka mai da gyaran jimla sana'a sosai su ne masu shirya jarrabawar GMAT ta Amurka, wadda ake yi don neman shiga karatun digiri na biyu a fannin kasuwanci. An fara ta a 1954 da wani suna dabam, ta koma GMAT a 1976. Shekara da shekaru tana da wani sashe da ake kira Sentence Correction. Za a ba ka jimla guda an ja layi a ƙarƙashin wani yanki nata, sannan a jera maka zaɓi biyar. Na farko maimaicin abin da ke cikin jimlar ne, sauran huɗun kowanne ya canza wani abu. Aikinka ka zaɓi wanda ya fi dacewa da nahawu da ma'ana.

Kafin mu ci gaba, ga gargaɗi ga mai shirin kashe kuɗinsa. Sabon tsarin GMAT da aka fara a watan Nuwamba na 2023 ya jefar da wannan sashe, kuma an daina tsohon tsarin bayan ƙarshen Janairu na 2024. Saboda haka wanda zai zauna GMAT yanzu kada ya ɓata watanni a kan tsofaffin littattafan da ake shimfiɗawa a bakin titi. Amma ga ɗan sakandare, ko mai shirin TOEFL ITP wadda har yanzu take da tambayoyin nahawu 40 cikin minti 25, ko mai rubuta takardar neman aiki, waɗannan tsofaffin tambayoyi dutsen wasa wuƙa ne mai kyau. Tarko biyu suka fi yawan bayyana a cikinsu.

Na farko shi ne wanda Turawa suke kira parallelism, mu ce daidaita jeri. Idan ka jera abubuwa biyu ko uku a jimla guda, dole su zo da siffa ɗaya. Dubi wannan: "My mother sells kola, fries koose, and she is sewing clothes." Biyun farko sun zo da kama ɗaya, na uku ya sauya riga. Gyaransa shi ne "sells kola, fries koose, and sews clothes." Bahaushe bai kamata wannan ya ba shi wahala ba, domin kunnensa ya riga ya san dokar. Wa zai ce "ina so in ci, in sha, da kwanciya"? Ko dai a ce in ci, in sha, in kwanta, ko a ce ci da sha da kwanciya. Abin da kunne ya ƙi a Hausa, ido ne zai koyi ƙinsa a Turanci.

Inda masu jarrabawa suka fi kama mutane shi ne kalmomin nan masu tafiya biyu-biyu, irin su either da or, both da and, not only da but also. Abin da ya biyo bayan ta farko dole ya zama irin wanda ya biyo bayan ta biyu. "He not only lost his phone but also his passport" tana da daɗin ji, amma a karkace take: bayan not only aikatau ne, bayan but also kuwa suna ne. Sai a matsar da aikatau ya koma gaba, a ce "He lost not only his phone but also his passport." Dabarar da nake ba ɗalibai ita ce su ɗora yatsa a kan kowace kalma daga cikin biyun, su karanta abin da ke damanta kaɗai. Idan ba su yi kama ba, a wuce zaɓin.

Sai dai a yi hattara, don wanda ya koyi dokar nan sabo-sabo yakan so ya daidaita komai, har abin da ba jeri ba ne. A jimlar "The river overflowed its banks, destroying farms and cutting off villages," ambaliyar ita ce babban aiki, ɓarnar gonaki da yanke ƙauyuka sakamakonta ne. Wanda ya mai da su overflowed, destroyed, and cut off bai karya nahawu ba, amma ya zubar da dalili da sakamako, ya mai da su abubuwa uku masu zaman kansu. Masu jarrabawa suna sane, shi ya sa suke dasa irin wannan zaɓi.

Tarko na biyu shi ne kwatance, kuma ni a ganina shi ya fi cin 'ya'yanmu. Dokar a taƙaice ita ce a kwatanta abu da irinsa. Mai goro ba ya auna huhunsa da tiyar gero. "The population of Kumasi is larger than Tamale" ta ɗora yawan jama'a a gefe guda na ma'auni, ta ɗora gari sukutum a ɗaya gefen. Abin da ake nufi shi ne "larger than that of Tamale." A Hausa muna da wannan ɗan ƙaramin makami: yawan mutanen Kumasi ya fi na Tamale. Wannan "na" shi ne that of.

Amma a nan ne Hausa take iya yaudarar mai ita. Mu muna raba "na" da "ta" bisa jinsi: kasuwar Kumasi ta fi ta Tamale girma. Idan jam'i ne kuma, "na" muke komawa: titunan Kumasi sun fi na Tamale cunkoso. Turanci bai damu da namiji ko mace a nan ba, adadi yake dubawa. Tilo that of, jam'i those of. Yaron da ya saba fassara "na" da that of zai rubuta "The streets of Kumasi are busier than that of Tamale," alhali those of ake nema. Wannan kuskure na gan shi a takardun ɗalibai fiye da yadda zan iya ƙirgawa, kuma mafi yawansu da zarar an nuna musu dalilin sau ɗaya ba sa sake shi.

Jimlar da ta fara da unlike ita ma tana da nata sharaɗi. Duk abin da ya zo nan take bayan waƙafi shi ake kwatantawa. "Unlike Ghana, the official language of Togo is French" ta kwatanta ƙasa da harshe. Sai a ce "Unlike Ghana, Togo uses French as its official language," ƙasa ta fuskanci ƙasa. Haka kuma "Lake Volta is larger than any lake in Ghana" tana nufin tafkin ya fi kansa girma, tunda shi ma tafki ne a Gana. Dole a saka other, a ce any other lake. A Hausa mukan ce ya fi kowane tafki girma ba tare da wani ya ɗaga gira ba, don haka wannan sai an haddace shi.

Akwai kuma wuraren da Hausa ta fi Turanci tsabta. "My uncle likes football more than his wife" tana da fuska biyu, ɗaya ma tana iya tayar da faɗa a gida. Bahaushe ba ya shiga wannan ruɗani, don "ya fi matarsa son ƙwallo" dabam take da "ya fi son ƙwallo a kan matarsa." Bature sai ya ƙara does a ƙarshe kafin ya fitar da ma'ana ta farko. Bambancin like da as ma da yake wahalar da ɗalibai, kusan shi ne bambancin "kamar" da "kamar yadda." Like suna take bi, kamar mahaifinsa. As kuwa jimla ce take biyo ta, kamar yadda mahaifinsa ya yi.

Wajen atisaye, kada a karanta zaɓi biyar ɗaya bayan ɗaya daga farko zuwa ƙarshe, lokaci ba zai isa ba. A tsohuwar GMAT tambayoyi 36 ake amsawa a sashen Turanci cikin minti 65, wato ƙasa da minti biyu kowace tambaya. A duba zaɓin daga sama zuwa ƙasa a ga inda suka saɓa. Idan uku sun ce that of, biyu sun ce those of, sai a koma jimlar a ga ko tilo ne ko jam'i, rabin aikin ya ƙare. Kuma gara tambaya goma da aka bi dalilin kuskuren kowace da ɗari da aka yi a guje.

Iyayen da ba su yi boko ba su ma suna da abin yi. Ka ce wa yaro ya karanto jimla daga littafinsa ya fassara maka ita da Hausa kalma bayan kalma, ba tare da ya gyara komai ba. Idan ka ji ya ce "yawan mutanen Kumasi ya fi Tamale," tambaye shi: ya fi me na Tamale? Sannan ya koma ya nemi inda "na" ɗin ya ɓace a Turancin.