Matuƙin jirgin sama ma doka ce ke sa shi barci

Kowace shekara maniyyatan Gidan Rumji suna kama hanya zuwa Yamai, su shiga jirgi a filin Diori Hamani. Wani lokaci jirgin ba ya tashi sai tsakar dare. Alhazai suna zaunawa su yi ta gyangyaɗi har Saudiyya. Amma can gaba akwai mutum biyu da ba su da wannan dama: matuƙi da mataimakinsa. Rayukan mutane ɗaruruwa na hannunsu.

Aikin matuƙi ba kamar na manomi ba ne. Manomi ya san lokacinsa, da asuba ya nufi gona, bayan isha ya kwanta. Matuƙi kuwa yau ya tashi da hantsi, gobe da ƙarfe 2 na dare. Ga kuma bambancin agogo. In ana ƙarfe 10 a Gidan Rumji, a Makka ƙarfe 12 ne. Jiki yana rikicewa, ya rasa dare ya rasa rana.

Likitoci sun gano cewa daga ƙarfe 2 zuwa 6 na asuba barci ya fi ƙarfin mutum. Makiyayin da ya taɓa gadin garke saboda ɓarayi ya san wannan. Ido a buɗe, amma hankali ya ɗauke na ɗan lokaci, mutum bai ma sani ba. Ba ragwanci ba ne, halittar jiki ce. Goro da shayi suna jinkirta barci, ba sa biyan bashinsa.

An ga illar abin. A watan Mayu na 2010 wani jirgin kamfanin Air India Express ya taso daga Dubai cikin dare, ya nufi Mangalor a ƙasar Indiya. Ya zarce ƙarshen filin sauka, ya faɗa kwari, ya kama wuta. Mutum 158 suka rasu. Cikin jirgi akwai akwatin da ke ɗaukar maganar matuƙa. Da masu bincike suka saurara, sai suka ji minsharin babban matuƙin. Ya yi barci fiye da awa ɗaya da rabi, kuma bai gama wartsakewa ba lokacin sauka ya yi. Mataimakinsa ya yi ta ce masa ya sake tashi sama su zagayo, bai ji ba.

A watan Janairu na 2024 kuma, a ƙasar Indunisiya, matuƙan jirgin Batik Air duka biyu suka yi barci minti 28 a sararin sama. Jirgi ya kauce hanya. Allah ya kiyaye, suka farka suka sauka lafiya a Jakarta. Mataimakin yana da tagwaye ƴan wata ɗaya a gida, sun hana shi barci. Duk mai goyon tagwaye zai tausaya masa, amma hukuma ta dakatar da su biyun.

Shi ya sa ba a bar wa matuƙi ko mai kamfani wannan magana ba. A Amurka, bayan wani jirgi ya faɗi kusa da garin Bafalo a 2009 mutum 50 suka mutu, an yi sabuwar doka, ta fara aiki a 2014. Dole matuƙi ya samu hutun awa 10 kafin ya kama aiki, cikinsu awa 8 na barci ba mai tada shi. Kowane mako yana da awa 30 a jere ba aiki. Ba ya wuce awa 100 yana tuƙi cikin kwana 28. Kuma kafin tashi sai ya sa hannu cewa ya huta. In ya ce ya gaji, ba a tilasta shi.

In tafiya mai nisa ce, ana ɗaukar matuƙa 3 ko 4. Manyan jirage suna da ɗan ɗaki da gado, suna kwanciya bi da bi. Wasu ƙasashe ma sun yarda matuƙi ɗaya ya runtsa a kujerarsa kamar minti 40, muddin ɗayan yana farke. Ba a son ya zarce haka, don barci mai nauyi yana barin magagi. A Nijar hukumar ANAC ce ke kula da sufurin jiragen sama.

Babbar kwalta da ta taso daga Yamai ta bi Ƙonni da Madawa tana ratsa Gidan Rumji kafin Tibiri da Maraɗi. Dare da rana manyan motoci na bin ta, da lodin albasa, da wake, da dabbobi, da mutane a saman kaya. Direban da ya baro Yamai ya riga ya ci kilomita kusan 600 kafin ya iso nan. Sau da yawa shi kaɗai ne da karen motarsa, kuma kuɗinsa na ga yawan sawun da ya yi. Da yawansu ƙarƙashin mota suke shimfiɗa tabarma, su ɗan runtsa kafin kiran assalatu, su sake tada inji.