Ganyen shayi: Abin da ya kamata mai saye ya sani kafin ya ɗora buta

Idan hunturu ya kankama a Dutse, babu sana'ar da ke ci kamar ta mai shayi. Tun daga sallame sallar Asuba benci ke cika, daga Takur zuwa Yalwawa har bakin tasha, ma'aikacin da zai wuce sakateriya da ɗan kasuwar da zai buɗe shago kowa na jiran a miƙo masa kofi. Sai dai in za a faɗi gaskiya, kaɗan ne daga cikinmu suka san ɗanɗanon ganyen kansa. Abin da harshe ya saba da shi shi ne madara da sukari da garin koko, wato haɗin kauri. Ganyen kuwa aikinsa kawai ya rina ruwa.

Tsadar rayuwa ce ta fara sauya wannan. Tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, gwangwanin madara ya fi ƙarfin magidanta da dama, har waɗansu suka koma ruwan bunu. To, a ruwan bunu ganye ba ya da wurin ɓuya. In mai kyau ne za a ji, in kuma tsoho ne ko ƙura ce, kurɓin farko zai tona masa asiri.

Baƙin shayi da koren shayi duk daga tsiro ɗaya suke, wanda masana ke kira Camellia sinensis. Bambancin yana wajen sarrafawa. Idan aka tsinko ganye aka murje shi, aka bar iska ta ratsa shi har ya yi duhu kafin a busar, an sami baƙin shayi. Idan kuwa aka yi maza aka turara shi ko aka gasa shi a kasko tun yana ɗanye, sai ya tsaya da korensa. Kenya da Indiya da Siri Lanka sun yi suna a baƙi, ƙasar Sin kuma ita ce uwar kore. A nan gida ma ana noma shi a Kakara da ke tsaunin Mambila a Jihar Taraba, inda ake yin Highland Tea.

Yawancin baƙin shayin da ke kasuwanninmu inji ne ya niƙa shi ya mulmule shi ƙanana kamar tsakin gero, dabarar da aka ƙirƙiro a Assam ta Indiya a farkon shekarun 1930. Mafi laushinsa, wanda ya kusa zama gari, shi aka fi ɗurawa a 'yar jakar nan mai zare. Yana saurin ba da launi kuma yana da ƙarfin da zai ɗauki madara, shi ya sa mai shayi ke son sa. Amma ƙamshinsa gajere ne, ga saurin bauri. Ganyen da aka bari da girmansa ya fi jinkirin sakin jiki, sai dai ɗanɗanonsa ya fi faɗi, kuma ana iya maimaita masa ruwa sau biyu ko uku. Wanda ya yi lissafin kofi nawa ya samu daga ƙulli guda zai iya tarar da cewa bai yi asara ba.

Matsalar ganyen awo ita ce ba shi da kwali, balle ranar lalacewa. Kaya ne da galibi ke biyowa ta Kano, daga kasuwar Singa, a sake ƙulla shi a leda a Dutse ko Shuwarin ko Birnin Kudu. Don haka ido da hanci su ne shaidar mai saye. A zuba kaɗan a tafin hannu: ganye mai kyau girmansa kusan ɗaya ne, babu tarin itace a ciki, kuma yana ƙaras idan aka murza. A hura masa numfashi sannan a shinshina. In aka ji warin rumbu, ko na sabulu da omo saboda zaman shago ɗaya, a haƙura da shi, domin ganyen shayi yana zuƙar warin duk abin da aka ajiye kusa da shi. Akwai kuma gwajin ruwan sanyi. Ganye na gaskiya a hankali yake rina ruwan sanyi. Wanda ya saki launi nan take, akwai alamar an yi masa rini.

Ko an dace da ganye, a wajen dafuwa aka fi ɓata shi. Mun saba zuba shi a tukunya a bar shi yana tafarfasa har sai an gama soya ƙwai. Abin da ke fitowa a lokacin sinadarin tanin ne, mai sa baki bauri kamar an tauna ɗanyar kanya, shi ne kuma ke tilasta a ƙara sukari. Baƙin shayi ba ya buƙatar fiye da a zuba masa tafasasshen ruwa, a rufe minti 3 zuwa 5, a tace. Ƙaramin cokali ɗaya ya ishi kofi. Kore kuwa ba ya son ruwan da ya wuce digiri 80, saboda haka a sauke buta a ba ta 'yan mintuna ta huce, sannan a jiƙa na minti 2 ko 3. Ruwan ma yana da nasa hannu: na rijiya ko burtsatse mai gishiri-gishiri yana dusashe launi, ya bar yana a saman kofi.

Mai karatu zai ce, to ina shayin Buzaye, wanda ake dafawa a kan gawayi har ya yi kauri? Wannan wata makaranta ce daban, kuma ta san abin da take yi. Koren ganyen ƙasar Sin ake amfani da shi, ko dai mai dunƙule-dunƙule kamar harsashin bindigar toka, ko mai siririn lanƙwasa da 'yan kasuwa suka fi sani da lambobi irin su 41022. Da gangan ake fitar da ɗacinsa, a kashe shi da sukari, a riƙa ɗaga buta ana tsiyayawa har kumfa ta taru a ɗan finjali. Zagaye uku ake yi, na farko mai ƙarfi, na ƙarshe mai sauƙi da zaƙi. A majalisun matasan Dutse ya zama abokin hira. Illarsa dai sukarin da ke ciki ba kaɗan ba ne, kuma mai shan zagayen farko bayan Isha'i kada ya yi mamaki in barci ya ƙaurace masa.

Shayi mai ƙamshi kuma ba iri ɗaya ba ne. Akwai wanda uwargida ke haɗawa da hannunta, da citta da kanumfari da kirfa da na'a-na'a, wani lokaci har da masoro ko kimba. A nan ƙa'idar ita ce a fara dafa kayan ƙamshin su kaɗai, domin su suna jure wuta, sai an sauke a jefa ganye. Na'a-na'a ita ce ta ƙarshe, kuma kanumfari biyu ko uku sun isa buta, in ya yi yawa shi kaɗai za a ji. Akwai kuma wanda aka turara tun daga masana'anta, kamar koren shayin da Sinawa ke kwantarwa da furen yasmin har ya ɗauki ƙamshinsa, ko Earl Grey na Turawan Ingila da ake sa wa man ɓawon wani lemo mai suna bagamot. Sai na ukun, wanda ya cika kantuna yanzu: mai ƙamshin mangwaro, ko tuffa, ko abarba. Mafi yawansa turaren ɗanɗano ne aka fesa wa ganye. Ba laifi ba ne, amma a ganina nan ne aka fi saye da tsada a sha da nadama, domin ƙamshi mai ƙarfi yana iya rufe tsohon ganye. In kwali ya cika ɗaki da ƙamshi amma kofi ya zo salam, an san inda kuɗin suka tafi.

Abin da zai ba mutumin Jigawa dariya shi ne jan shayin 'ya'yan itatuwa da ake shigowa da shi daga Turai. Duk wanda ya duba bayan kwalin zai tarar sau da yawa zoɓo ne kan gaba a jerin kayan haɗin, shi ke ba da jan launin da ɗan tsamin. Jigawa kuwa tana sahun gaba a noman zoɓo a Najeriya, kuma daga yankin Maigatari ake lodinsa zuwa ƙasashen waje, musamman Meziko. A Masar da Sudan da zafinsa ake shan sa a lokacin sanyi, suna ce masa karkade. Mu ne muka taƙaita shi ga ƙullin ƙanƙara. Ɗan damƙi guda na busasshen zoɓo da citta a ruwan zafi na minti 5 zai ba da abin da ake saye a kwali, kuma babu kafeyin a cikinsa, ana iya sha da dare.

Wani abin lura ga masu juna biyu da masu ƙarancin jini: tanin yana rage yadda jiki ke tsotsar sinadarin ƙarfe daga abinci irin su wake da ganyaye, don haka gara a ba da tazarar kamar awa guda tsakanin cin abinci da shan baƙin shayi ko kore.

Wanda ke son ya san ganyensa, ya gwada kofi ɗaya babu sukari, ya bari ya ɗan huce, ya riƙe kurɓin a baki kafin ya haɗiye. In ɗacin ya yi masa yawa, Dutse garin dabino ne, har cibiyar binciken dabino ta NIFOR tana nan. Ƙwara biyu a gefen kofi sun wadatar, ana gutsura ana kurɓa, kamar yadda Larabawa ke yi da gahawa.