Yadda Garkuwar Jiki Take Gane Baƙo

Idan ƙaya ta soke ka a ƙafa, wurin ya ruru, bayan 'yan kwanaki kana iya jin wani ƙulli mai zafi a matsematsinka. Hausawa suna kiransa kaluluwa. Mutane da yawa suna zaton wata sabuwar cuta ce. A gaskiya alama ce ta cewa garkuwar jikinka ta sami labarin baƙo, kuma tana shirin yaƙi.

Cikin fararen ƙwayoyin jini akwai wani iri da ake kira ƙwayoyin T. Asalinsu daga ɓargo ne. Ka lura da harafin farko na wannan kalma: ɓargo yana cikin ƙashi, bargo kuwa shi ne abin lulluɓa lokacin sanyi. Daga ɓargo sai su wuce zuwa taimos, wata 'yar tsoka da ke bayan ƙashin ƙirji, inda ake horar da su. Horon yana da tsanani. Wadda ba ta da amfani, da wadda take neman far wa jikin mai ita, duka mutuwa suke yi. Fiye da kashi 90 cikin 100 ba sa fitowa da rai.

Abin mamaki shi ne, ƙwayar T ba ta iya ganin ƙwayar cuta kai tsaye. Sai an yanko ɗan guntun furotin daga jikin baƙon an nuna mata. Abin da garkuwar jiki take ganewa ta wannan hanya shi ake kira antijin. Ka tuna da yarinya mai tallar gyaɗa. Mai saye ba ya shiga gidan su ya duba tukunya. Abin da ke kan faifai kawai yake gani. To, ƙwayoyin jikinka ma suna da nasu faifan, sunansa MHC. Rolf Zinkernagel da Peter Doherty ne suka gano a 1974, a birnin Kanbera na Ostireliya, cewa ƙwayar T tana duban guntun ne tare da faifan da ke ɗauke da shi. Sun sami kyautar Nobel a 1996.

Faifan iri biyu ne. Na farko yana kan kusan kowace ƙwaya ta jiki, ban da jajayen ƙwayoyin jini. Kullum ƙwayar tana daddatsa wasu furotin na cikinta, tana ɗora guntayen a kai. Idan lafiya lau take, masu sintiri su wuce. Idan kuwa bairos ya shiga cikinta, guntayensa ma za su bayyana, sai ƙwayar T mai alamar CD8 ta kashe ta, don kada bairos ya sami wurin hayayyafa.

Faifai na biyu na wasu ƙwayoyi ne na musamman, kuma mafi ƙwarewa a cikinsu ita ce ƙwaya mai rassa, wadda Ralph Steinman ya gano a 1973. Tana zaune a fata da hanci da hanji, wato ƙofofin da cuta take bi. Da zarar ta haɗiye bakteriya, sai ta narkar da ita, ta ɗora guntayen, ta kama hanya zuwa kaluluwa mafi kusa. A can ƙwayoyin T suke zuwa ɗaya bayan ɗaya suna dubawa. Kowace da irin guntun da ta sani, saboda haka ƙalilan ne ƙwarai suke dacewa. Dacewar ma ba ta isa ba. Dole mai rassa ta ba da shaida ta biyu cewa lallai akwai haɗari. A ganina wannan shi ne mafi hikima a tsarin duka, domin yana hana a ta da yaƙi a kan abin da bai kai ba. Idan shaidu biyu suka cika, ƙwayar T takan rabu biyu, biyu su zama huɗu, har su kai dubbai. Taruwarsu da yawaitarsu ne suke kumbura kaluluwa.

Masu duban faifai na biyu suna da alamar CD4, kuma aikinsu ba da umarni ne ga sauran mayaƙa. Su ne ƙwayar cutar ƙanjamau take hallakawa. Shi ya sa likita yake ƙirga su a jinin mai ɗauke da ita, kuma yake damuwa idan adadin ya sauka ƙasa da 200.

Faifanka gado ne, rabi daga mahaifi, rabi daga mahaifiya, kuma da wuya na mutum biyu su zo daidai. Idan aka dasa wa majinyaci ƙodar wani, ƙwayoyin T ɗinsa suna ɗaukar sabon faifan a matsayin baƙo, su far masa. Saboda haka ake fara gwada 'yan'uwa na ciki ɗaya, inda ake sa ran ɗaya cikin huɗu zai dace sosai, kuma ake ba majinyacin magungunan rage ƙarfin garkuwa bayan tiyata.