Kyamarar hoto ta ƙwace wa ta bidiyo kasuwa: Abin da ya kamata uwar biki ta sani

Duk wadda ta aurar da 'ya a Agiye, Gazawa ko Gidan Rumji shekaru 20 da suka wuce ba za ta manta da mai bidiyo ba: ga ƙatuwar kyamara a kafaɗa, ga kaset, ga fitila mai zafi tana kashe wa amarya ido. A yau kuwa idan muka yi jinga da mai ɗaukar biki, sai mu ga ya iso da 'yar kyamara a wuya irin ta masu hoto. Nan take ran uwar biki kan ɓaci, ta ɗauka an raina mata kuɗi ne. To amma Hausawa sun ce ƙaramin goro ya fi babban dutse. Wannan 'yar kyamara ba ta wasa ba ce, sai dai tana da nata lagon, kuma wadda ba ta san shi ba tana iya biyan kuɗinta ta tashi da faifan da ba ya kalluwa, alhali biki ba a maimaita shi.

Asalin lamarin ya faro ne a shekarar 2008, lokacin da kamfanin Nikon na ƙasar Japan ya fito da kyamarar hoto mai suna D90, wadda ke iya ɗaukar bidiyo na minti 5. A ƙarshen wannan shekara kamfanin Canon ya biyo baya da 5D Mark II, wadda hotonta ya ba masu shirya fim mamaki. A 2010 da ita aka ɗauki kashin ƙarshe na zango na 6 na wasan talabijin ɗin Amurka mai suna House. Daga nan masu fim a Legas da Kano suka rungumi irinta, domin ta fi manyan kyamarori araha nesa ba kusa ba. Finafinan Kano da muke kira dandalin soyayya, waɗanda suka soma da Turmin Danya a kaset a 1990, sun sauya kama a idonmu, kuma wannan kyamara na cikin dalilan. Daga masu fim ne sana'ar ta gangaro zuwa masu ɗaukar biki a Katsina da Maraɗi har ta iso garuruwanmu.

Sirrinta shi ne farantin da ke karɓar haske a cikinta ya fi na tsohuwar kyamarar bidiyo faɗi, saboda haka tana gani a ɗakin da ba shi da wadataccen haske. Haka kuma ana cire gilashin bakinta a sauya wani. Shi ya sa za ku ga fuskar amarya ta fito fes, jama'ar da ke bayanta kuma sun yi dishi-dishi kamar a fim. Mai sayar da atamfa, turaren wuta ko kayan ɗaki da ke son tallata hajarta a WhatsApp ko Facebook ita ma za ta ga launin kayanta ya fito yadda yake.

To sai dai kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Tun farko don hoto aka ƙera ta, ba don bidiyo ba. Lagonta na farko shi ne sauti. Makirfon da ke jikinta ƙarami ne, iska da hayaniya yake kwasa. Idan mai ɗauka bai zo da makirfo na daban ba, za a ga bakin liman yana motsi amma ba za a ji sigar ɗaurin aure ko adadin sadaki ba.

Na biyu shi ne yankewa. Ita 5D Mark II takan tsaya bayan kimanin minti 12, da yawa daga waɗanda suka biyo bayanta kuma ba sa wuce minti 29 da daƙiƙa 59. Dalilin wannan iyaka ta minti 29 da daƙiƙa 59 zai ba 'yan kasuwa dariya, domin maganar duwan ce: a wancan lokaci Tarayyar Turai na ɗora haraji na musamman kan duk na'urar da ke ɗaukar minti 30 a jere, sai kamfanonin suka rage daƙiƙa ɗaya. Yawancin sababbin kyamarori sun rabu da wannan ƙa'ida, amma tsofaffi na hannu sun fi araha, su ne kuma aljihun matasanmu ya fi kai wa. Idan mai ɗauka ya shagala, kyamara za ta tsaya ana tsakiyar buɗar kai bai sani ba.

Na uku shi ne zafi da batir. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafin jihar Maraɗi ke haura digiri 40, wasu daga cikinsu kan ɗau zafi su kashe kansu. Bidiyo kuma yana shan batir fiye da hoto. Ba mu manta ba, a Agustan 2023 Najeriya ta katse wutar da ke shigo mana daga Katsina ta Gazawa, ba a maido ta ba sai a Maris na 2024. Mai batir ɗaya ba abin dogaro ba ne.

Na huɗu shi ne rawar hannu. Rashin nauyinta kan sa hoto ya riƙa karkarwa idan ba a ɗora ta a kan ƙarfe mai ƙafa uku ba. Ga kuma ƙurar hunturu, wadda ke shiga ciki idan an buɗe ta a fili, ta bar ɗigo a kowane hoto.

Saboda haka, iyayenmu da 'yan uwa mata, kada mu yi cinikin biri a sama. Kafin a ba da kafin alƙalami, mu ce ya nuna mana bikin da ya ɗauka cikakke, ba guntun minti ɗaya da aka lulluɓe da kiɗa ba, mu kuma saurara mu ji ko maganar mutane na fita. Mu tambaye shi batir nawa da katin ajiya nawa gare shi, da ko yana da mataimaki da kyamara ta biyu. Mu nemi ya ba mu aikin a wuri biyu, domin kati kan lalace. Sannan a yi magana a gaban shaidu cewa hoton matan gida ba zai hau TikTok ba sai da izininmu, domin abin da ya shiga intanet ba ya dawowa.

Ga uwar da ɗanta ya matsa mata ta ba shi jari daga kuɗin adashe ko na aya don ya shiga sana'ar, ta sani cewa kuɗin kyamara somin taɓi ne. Akwai gilashi, makirfo, fitila, batura da kwamfutar tace hoto. Gara ya fara zama yaron wani gwani a Maraɗi ko Tasawa, ya koyi aiki, sannan a saya masa. Idan ta hannu ce, a duba adadin hotunan da ta taɓa ɗauka, kamar yadda ake duba tafiyar babur kafin a biya.

Ba girman kyamara ba ne aiki, hannun da ke riƙe da ita ne. Allah Ya ba mu kasuwa mai albarka, Ya sa a yi biki lafiya.