Extravagant: kirari ne ko gori?

A kasuwannin Kumasi da Akara, har zuwa Bamenda, inda ciniki ke haɗa mu da masu jin Turanci, akan ji an ce wane extravagant ne, shi kuwa ya washe baki a zatonsa an ce ya iya ado. To, ba kirari ba ne. Almubazzari ake nufi, mai kashe kuɗi fiye da kima ko fiye da ƙarfinsa. Sunan halin kuma extravagance, wato almubazzaranci.

Asalin kalmar daga Latin ne: extra, waje, da vagari, yawo, ma'ana abin da ya bar hanya yana gararamba. Da farko ma ba ruwanta da kuɗi. A wasan Hamlet, Shakespeare ya siffanta fatalwa mai yawon dare da ita. Sai wajen farkon ƙarni na 18 ta kama ma'anar ɓarnar dukiya, kuma ni dai ina ganin ta dace, don kuɗin da ya tsallake iyaka yawo ya tafi.

Inda ake ruɗewa shi ne tsakaninta da expensive, wato mai tsada. Turmin atamfar Holan expensive ne, ba laifin kowa. Amma wanda ya ɗebi uwar kuɗi ya sayi turmi goma saboda biki guda, shi ne extravagant. Mai kyauta kuma generous ake ce masa, wannan yabo ne. Ita kuwa extravaganza da kuke gani a allunan talla, ta hanyar Italiyanci ta shigo, gagarumin shagali kawai take nufi.

Me ya sa za mu damu? Saboda amana. In ma'aikacin banki ko mai ba ka kaya bashi ya ce rayuwarka extravagant ce, Alhaji, ba motarka yake yabo ba, shakkar biya yake yi. In mai saye ya faɗe ta a kan farashinka, cewa yake ka tsawwala.

Wadda ta fi ta zafi ita ce squander, wato ɓarnatarwa. Extravagant yana iya zama da sauran abin hannunsa, amma in aka ce yaro ya yi squander ɗin gadon ubansa ko jarin shago, to kuɗin sun riga sun tafi.