Kurciyar da ta faɗo a lambu: gaskiya da ji-ta-ji-ta

A lambunan Gozaki da ƙauyukan da ke kewaye da ita a ƙaramar hukumar Kafur, ba baƙon abu ba ne mai ban-ruwa ya tarar da kurciya ko hasbiya a gindin mangwaro, ta saki fiffike ta kasa tashi. Wata yara ne suka harbe ta da danƙo, wata shaho ya kai mata sura ya kuskure, wata muzuru ya cafke ta ta kuɓuce. Kafin ka ce kwabo an taru, kowa da fatawarsa: a ɗura mata ruwa, a shafa mata baƙin mai, kada a taɓa ta murar tsuntsaye ce, ai mai karyayyen fiffike ta gama yawo. A cikin maganganun nan akwai gaskiya, akwai rabin gaskiya, akwai kuma waɗanda su ne ke ƙarasa tsuntsuwar. Abin da na tsaya a kai shi ne, da yawa daga cikin masu rauni suna farfaɗowa in an ba su ɗumi da duhu da natsuwa, kuma aikin farko na mai lambu shi ne ya gane ko rauni ne ya kayar da ita ko cuta.

Ɗurar ruwa ita ce kuskuren da aka fi yi da kyakkyawar niyya. Ƙofar numfashin tsuntsu tana nan a gindin harshe, don haka ruwan da aka buɗe baki aka tsiyaya yakan zarce huhu, tsuntsuwar ta shaƙe nan take ko ta mutu bayan kwana biyu a ce raunin ne. Gaskiya ne tana bukatar ruwa, amma dangin tattabara tsoma baki suke yi su zuƙa, ba sa ɗaga kai sama kamar kaza, saboda haka a ajiye mata ruwa a ƙaramar tasa ta sha da kanta. Kafin ruwan ma, ɗumi take nema. Zafin jikinta ya haura digiri 40, kuma firgita da zubar jini kan sa ya sauka da sauri, balle da sanyin hunturu. Kwali mai hudoji, da tsumma a ƙasa, a ɗakin da ba yara ba kyanwa, sa'o'i kaɗan a cikinsa kan tayar da wadda ta bugu kawai ba ta karye ba. In ta miƙe sai a watsa mata gero ko dawa.

Batun fiffike shi ne rabin gaskiya. Ƙashin tsuntsu ya fi na mutum saurin haɗewa, cikin kamar mako uku yakan kama. Wannan saurin kuwa shi ne haɗarinsa, domin in an bar fiffiken yana reto a karkace, a karkacen zai haɗe. Karayar da ta faɗa tsakiyar ƙashi ba ta huda fata ba, in aka naɗe fiffiken yadda yake kwanciya a jikinta, ba tare da an matse ƙirji ba (da motsin ƙirji take numfashi), tana iya komawa tashi. Wadda ta faɗa a gaɓa, ko ƙashi ya fito waje, a nan masu cewa ta gama yawo sun fi kusa da gaskiya. Sau da yawa ma ba karaya ba ce. Kurciya na sakin gashinta cikin sauƙi in an cafke ta, shi ya sa shaho kan tashi da wutsiya a ƙafa ita kuma ta tsira. Gashin da ya tuge daga tushe yakan sake tsirowa cikin wata guda zuwa mako shida, wanda ya karye a tsakiya kuwa sai lokacin sauya gashi.

Cizon kyanwa ya bambanta, kuma a nan ido na yaudara. Hudar ƙarama ce, gashi ya rufe ta, tsuntsuwar har tana cin hatsi, amma ƙwayoyin cutar da ke cikin yawun kyanwa kan shiga jini su kashe ta cikin kwana ɗaya ko biyu. Wannan ta likitan dabbobi ce, ɗumi da duhu ba su isa ba. Baƙin mai da fetur da toka kuwa ba sa warkar da komai: man yana manne gashi ya hana shi riƙe ɗumi, tana gyaran jiki ta haɗiye shi. Ruwan ɗumi da ɗan gishiri ya wadatar wajen wanke ciwo. Ƙwayar mutane da ake fasawa a zuba mata ita ma haɗari ce. Maganin ciwon jiki na diclofenac da aka riƙa yi wa shanu a Indiya ya kusan ƙarar da ungulayen ƙasar tun daga shekarun 1990, har aka hana amfani da shi ga dabbobi a 2006. Abin da jikin mutum ko saniya ke ɗauka, ƙodar tsuntsu ba lallai ta ɗauka ba.

Cewa uwa za ta ƙi ɗanta in ta ji warin hannun mutum ƙarya ce. Ɗan kurciyar da iska ta kayar, a mayar da shi sheƙa, iyayen za su ci gaba da ciyar da shi. Dole ma a mayar, domin uwa da uba duka suna amayo masa wani farin abinci mai kauri da jikinsu ke yi, wanda nonon shanu ko kunu ba ya maye gurbinsa. Wanda gashi ya rufe shi yana tsalle-tsalle a ƙasa koyon tashi yake yi, ɗauke shi raba shi da iyaye ne.

Masu tsoron murar tsuntsaye suna da hujja. A watan Fabrairun 2006 aka tabbatar da ita a wata gonar kaji da ke Jaji a jihar Kaduna, kuma ta sake dawowa bayan nan. Sai dai dangin tattabara ba su cika kamuwa da ita kamar kaji da agwagi ba. Kurciyar da ba jini ba karaya amma wuyanta ya murɗe tana juyi, ta fi kama da mai cutar Newcastle, wadda ke share kajin gida da hunturu, wadda cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom a jihar Filato ke yi wa rigakafi. Mai rawayan abu kamar cuku a maƙogwaro, tana haɗiya da ƙyar, cutar da ke yaɗuwa ta wurin shan ruwa ce. In kuwa an tarar da uku ko huɗu a mace lokacin shuka, a fara zargin irin da aka cakuɗa da magani. Irin waɗannan ba a kai su kusa da akurki ko ɗakin tattabaru, ba a ci, ba a jefa wa kare. A ɗauka da leda a hannu a binne da zurfi, a wanke hannu da sabulu, in sun yi yawa a sanar da ma'aikatan dabbobi na ƙaramar hukuma.

Manomi zai ce wahalar me zai sha a kan tsuntsuwar da ke tsince masa iri, alhali nama ce. Tana tsincewa, ba musu, amma yawancin cinta hatsin da ya zube ne da 'ya'yan ciyawa, ɓarnar da ke durƙusar da gona ta garken jan-baki ce. Nama kuwa halal ne, kuma wadda ƙashinta ya ragargaje, yanka ta nan take ya fi a bar ta tana jan fiffike har tururuwa su same ta da rai. Abin da ba shi da uzuri shi ne a ɗaure ƙafarta da zare a miƙa wa yaro ya yi ta wasa da ita har ta mutu. Wadda aka yi jinyarta kuma ba a sakin ta sai ta iya tashi daga ƙasa zuwa saman ɗaki fiffikenta biyu daidai, da safe, a lambun da aka tsince ta, inda ta san ruwa da mafaka.