Tsirkiya takwas, murya huɗu: yadda ake saita ukulele mai tagwaye

Ukulele, ƙaramar jitar da ta samo asali a tsibiran Hawai bayan isowar 'yan ci-rani daga Madeira a 1879, da tsirkiya huɗu aka san ta. A 1976 ne kamfanin Kamaka na Honolulu ya fito da samfurinsa na tenor mai tsirkiya takwas, an jera su biyu-biyu, yatsa guda ke danne kowaɗanne tagwaye.

Ana saita ta a kan G, C, E da A. Tagwayen E da A muryarsu ɗaya sak. Na G da C kuwa, ɗaya kakkaura ɗaya siririya, wannan a ƙasa, waccan a sama. Siririyar C ta fi kowacce tashi, don haka a hankali ake jan ta, gaggawa na iya tsinka ta.

Babbar wahalar ita ce sabuwar tsirkiyar nailan, wadda kan yi kwanaki tana saki. Makaɗin da ya ɗaura da safe ya hau dandamali da daddare, zai ji tagwayen sun saɓa, sautin yana karkarwa a kunnen jama'a. Maganinsa ya ɗaura tun da sauran kwanaki, ya daidaita kowace tsirkiya ita kaɗai, sannan ya kaɗa biyun tare yana murɗawa har karkarwar ta lafa.